Na gaji tsohon lojisiyel ba gwaji ko ɗaya, ta ina zan kama?

Sani_Zengou:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Wani Alhaji mai shagon sari nan wajen kasuwar Dole ya damƙa min lojisiyel ɗinsu, wato manhajar kwamfuta, na faktir (takardar ciniki) da stok, wanda ya rubuta shi ya bar gari tun tuni kuma lambarsa ba ta shiga. Da yaren PHP 5.6 aka rubuta shi, bayanan kuma a MySQL suke, yana zaune a wata tsohuwar kwamfuta bayan kanta, ƙura duk ta cika ta. Abu biyu Alhaji yake so, in ƙara rangwame na manyan masu sari, sannan in ɗauke komai in kai sabuwar kwamfuta. Da na buɗe sai na tarar fishiye guda facture.php layi 3800, lissafi da SQL da HTML duk a tukunya ɗaya, ba gwaji ko ɗaya. Shekaranjiya na taɓa wuri ɗaya na harajin TVA sai jimilla ta canza a wani shafin da ban ma san yana da alaƙa da shi ba, na yi maza na mayar. A jami'a tes initer, wato gwajin ƙaramin yanki guda na kod, da aka koya mana kan ƙananan fonksiyo ne masu tsabta, ka ba su 2 da 3 su ba ka 5. Wannan kuwa ba fonksiyo ma da zan kira. Ta ina ake farawa?

Ibro_Yamai:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka ɓata lokacinka, sake rubuta shi daga farko da Laravel, tsarin nan na gina lojisiyel a PHP, wata biyu ka gama, ka sa gwajinka tun ranar farko.

Malam_Kod:
Ibro ka yi sauri. Sani ƙanena, kafin komai ka amsa min, kana da kwafin baz ɗin, wato ma'ajiyar bayanan, da kod ɗin a wani wuri daban? In babu, yau ɗin nan kafin magariba ka kwafe baz ɗin da mysqldump, ka kwafe dosiyen gaba ɗaya, ka sa a Git, mai riƙe tarihin duk gyaran kod, yadda yake ko waƙafi kar ka gyara. Kuma daga yau ka daina taɓa kwamfutar shago, a kwafi za ka riƙa aiki.

Game da tambayarka kuma, Michael Feathers a littafinsa na 2004 kan aiki da tsohon kod ya ce abin da ake kira tsohon kod shi ne kod ɗin da ba shi da gwaji, ko da jiya aka rubuta shi. Kuma gwajin farko da za ka rubuta ba na tambayar "daidai ne ko kuskure" ba ne. Na tambayar "me yake yi yanzu" ne. Ka ba shi kaya uku ka ga me ya fitar, abin da ya fitar ɗin shi za ka rubuta a matsayin amsa, ko da ranka bai kwanta da ita ba. Kamar shinge ne kake kewaye gona da shi kafin ka shiga da garma.

Sani_Zengou:
Malam na gode, baz na kwafa amma Git ban sa ba tukuna, yanzu zan yi. Amma ban gane ba, in amsar da ya ba ni kuskure ce fa? Kenan na ɗaure kuskuren da hannuna?

Hadiza227:
Eh ka ɗaure shi, na ɗan lokaci. Bari in faɗa maka yadda na yi a wani farmasi da na riƙe ma lojisiyel, kusan irin naka ne. Ban iya raba fonksiyo ko ɗaya ba a farko, sai na zaɓi tsofaffin faktir 200 daga baz, na tabbatar akwai kowane iri a ciki, na bashi, na kuɗi hannu, wanda aka dawo da kaya, wanda aka yi ma rangwame, mai layi ɗaya da mai layi talatin. Na rubuta ɗan skrip da yake kiran shafin da lambar kowane faktir, ob_start a sama ob_get_clean a ƙasa, ya ajiye abin da ya fito a fishiye, 200 cif. Duk lokacin da na taɓa kod sai in sake gudanar da shi in yi diff, wato in kwatanta abin da ya fito da na farko. In ba bambanci in ci gaba, in akwai in tsaya in duba. Rana ɗaya ya ɗauke ni kuma shi ya ba ni ƙarfin zuciyar shiga cikin kod ɗin. Abu ɗaya zai dame ka, kwanan wata da awa da ake bugawa a faktir suna canzawa kullum, diff zai ta ihu a banza. Ka nemo duk inda aka sa date() ka mayar da su fonksiyo guda, misali yau(), wadda a lokacin gwaji take ba da rana ɗaya tsayayya.

Ɗan_Mirriah:
Amma Hadiza wannan ai ba tes initer ba ne, kin gwada shafi gaba ɗaya har da baz. Tes initer ba ya taɓa baz.

Hadiza227:
Gaskiyarka, ba shi ba ne, ban ce shi ne ba. Tsani ne na hawa zuwa can. Ba ka iya rubuta ƙaramin gwaji sai ka ciro fonksiyo, ba ka kuma iya ciro fonksiyo hankali kwance sai kana da abin da zai faɗa maka ka fasa wani abu. Shi ya sa babban ke zuwa farko.

Moussa_VB6:
Ni dai a bar kaza cikin gashinta. Abin da yake aiki shekara da shekaru me ya sa za a taɓa? Ina da lojisiyel na VB6 da Access da na rubuta ma wata makaranta mai zaman kanta, har yau suna karɓar kuɗin makaranta da shi, ban taɓa rubuta gwaji ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Zeinab_Karkada:
Yaya Moussa kai ka rubuta naka, kanka shi ne gwajin, ka san kowane lungu. Ranar da wani yaro ya gaje shi zai zo nan ya rubuta irin saƙon Sani. Kuma tun da ka ambaci Access, ka duba wani abu. A cikin SQL na Access in ka sa kwanan wata tsakanin alamar # yana karanta shi irin na Amurka ne, wata kafin rana. Mu kuma nan rana muke sa wa farko. To 03/04 da kake nufin 3 ga Afrilu sai ya ɗauke shi 4 ga Maris, amma 25/04 sai ya gane da kansa saboda ba wata na 25. Ma'ana daga 13 ga wata zuwa ƙarshe komai lahiya lau, daga 1 zuwa 12 ne kawai ake samun juyi. Na taɓa kwana uku ina neman dalilin da rahoton wata na wani ofis ba ya daidaita da littafin kesiye, ashe wannan ne, ya daɗe a ciki ba wanda ya lura saboda jimillar shekara tana fitowa daidai. Gwaji ɗaya mai ranar 5 ga wata da ya kama shi tun farko.

Moussa_VB6:
Wannan na san shi Zeinab, Format nake sa wa. Amma na yarda ba kowa ya sani ba.

Ibro_Yamai:
Duk wannan wahalar fa saboda kod ɗin da za a jefar ne. PHP 5.6 tun ƙarshen 2018 aka daina yi masa gyaran tsaro. Kuma in mysql_query ne a ciki, an cire shi tun PHP 7.0, ko buɗewa ba zai yi ba a PHP 8. Dole dai a taɓa kowane layi na SQL, to me ya rage?

Sani_Zengou:
mysql_query ne wallahi, ko'ina.

Malam_Kod:
Ibro abin da ka faɗa kan PHP gaskiya ne duka. Inda muka rabu shi ne wata biyun. Layi 3800 ɗin nan ba shirme ne zalla ba, a cikinsa akwai duk wata magana da Alhaji ya taɓa yi ma wancan yaron a bakin kanta, "wane in ya zo kar a sa masa kaza", "in kwali ya wuce goma a rage kaza", shi kansa Alhaji ya manta ya faɗa, ba takardar da aka rubuta su, kod ɗin ne kaɗai ya riƙe. In ka sake rubutawa daga abin da Alhaji zai gaya maka yau, rabi za ka samu, sauran rabin kuma masu sari ne za su tuna maka da faɗa a gaban kanta. Netscape, masu lojisiyel na shiga intanet, sun yi haka, suka ajiye tsohon kod suka fara sabo, sai a ƙarshen 2000 Netscape 6 ta fito, lokacin Internet Explorer ta riga ta cinye kasuwa. Kuma ko sake rubutawar za a yi, faktir 200 na Hadiza su ne za su faɗa maka sabon ya yi daidai da tsohon. Ta kowace hanya ka bi sai ka bi ta kansu.

Baban_Amira:
Ni tambayata daban ce, wa zai biya kuɗin wannan gwajin? Alhazan garin nan in ka ce sati ɗaya kana aiki kuma bai ga sabon maɓalli a allo ba, cewa zai yi zaune kake. Na sha fama da wannan.

Laouali_dev:
Kar ka ce masa gwaji. Ka ce masa za ka sake lissafa tsofaffin faktir ɗinsa ka tabbatar ba a cuce shi ba kuma ba a cuci kowa ba kafin a koma sabuwar kwamfuta. Ɗan kasuwa ya san awo, ba ya karɓar buhu bai ɗora a sikeli ba. Kuma kar ka ware masa farashi daban, ka haɗa cikin kuɗin aikin gaba ɗaya.

Baban_Amira:
Hakane kam. Ni kuskurena ware shi da na yi a takarda, shi ne layin farko da aka ce in goge.

Ɗan_Mirriah:
Ku kuma tuna da kuran, wato wutar lantarki. Kwamfutar bayan kanta ba ondulè mai riƙe wuta in an ɗauke, a ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta faktir, in tebur ɗin MyISAM ne ba shi da transaksiyo, abin da ke sa a rubuta duka ko a fasa duka, sai a rage stok ba a rubuta faktir ba ko a rubuta rabi. Sani ka duba, wataƙila cikin tsofaffin bayanan akwai gurgu irin wannan, kar ka ɗauka laifin lissafi ne. Lokacin zafi ma abin ya fi yawa.

Laouali_dev:
Wannan gaskiya ne, kuma kwafin baz kar ya kwana a shago. Ni kile USB biyu nake yi, ɗaya a gida. Amma fa akwai sunayen mutane da bashin da ake bin su a ciki, amana ce, in za ka ɗora a GitHub ka goge sunaye da lambobin waya tukuna, ko ma kar ka ɗora baz ɗin sam.

Zeinab_Karkada:
Mu dawo kan tambayar Sani. Bayan ka yi abin da Hadiza ta ce, rangwamen da Alhaji ke so kar ka rubuta shi cikin facture.php. Buɗe sabon fishiye, fonksiyo guda mai tsabta, a ba ta jimilla da nau'in mai saye ta dawo da rangwame, ba baz ba echo ba $_POST. Ita za ka rubuta ma tes initer irin na jami'a sosai. A cikin tsohon kod layi ɗaya kawai za ka ƙara na kiranta. Haka za ka riƙa yi, duk sabon abu a waje, duk tsohon da ka taɓa ka ciro shi waje, sannu a hankali tukunyar na raguwa. Kuma ka lura, sabon PHPUnit, kayan rubuta gwaji a PHP, ba ya tafiya a PHP 5.6, sai ka ɗauko 5.7, shi ne na ƙarshe da ya yarda da ita. In kun koma PHP 8 ka ɗaga shi.

Hadiza227:
Ƙari kan maganar Zeinab, kar ka haɗa ayyukan biyu. Ƙaura zuwa PHP 8 daban, rangwame daban, kowanne da nasa komit, wato ajiyarsa daban a Git. In ka haɗa kuma diff ya nuna bambanci ba za ka san wanne ya jawo ba. Kuma akwai tarko ɗaya da ya kama ni, a PHP 7 zuwa ƙasa 0 == "" gaskiya ne, a PHP 8 ƙarya ne. Tsofaffin kod cike suke da if ($remise == 0) alhali akwatin fom ɗin fanko aka bari, wato "" ne ke zuwa. Ba kuskuren da zai fito a allo, shiru kawai zai bi ta ɗaya hanyar. Ido ba ya kama irin wannan cikin layi dubu uku.

Ibro_Yamai:
To wannan ban san shi ba, na gode Hadiza. Amma har yanzu ina kan bakana, a ƙarshe sai an sake shi.

Sani_Zengou:
Ƴan uwa na dawo, kwana biyu ina kai. Na yi na Hadiza da faktir 150, na sa yau(), komai na tafiya. Sai na fara ciro lissafin jimilla zuwa fonksiyo, na rubuta shi yadda ya kamata, diff ya nuna bambanci a 41. Na ɗauki ɗaya na bi da alƙalami. Kwali 3 a kan 4350, ya zama 13050, TVA kashi 19 cikin ɗari 2479,5, jimilla 15529,5. Nawa ya ba da 15530, tsohon ya buga 15525. Na bi kod ɗin sai na tarar can ƙasa wajen layi na 2900 akwai wurin da yake zubar da duk abin da ya hau kan 25, amma in kuɗi hannu ne kawai, na bashi ba ya taɓawa. Na ɗauka kuskure ne har na kusa gogewa, sai na tuna maganar Malam na je na tambayi Alhaji. Ya yi shiru can ya ce af, shi ya sa a yi haka, saboda rigimar canji, ba a samun dala da dala biyu a kasuwa, gara ya yafe ya sallami mutum. Ya ce in na cire yaransa na kanta za su sha wahala.

Malam_Kod:
Alhamdu lillahi. To yanzu ka ba wannan ƙa'idar suna, ka mayar da ita fonksiyo, ka rubuta mata gwaji huɗu ko biyar, 15525 cif, 15526, 15549, 15550, da na bashi wanda ba a taɓawa. Ka sa sunan gwajin ya faɗi dalili, cewa Alhaji ne ya so saboda canji. Wanda zai gaje ka ba sai ya je kanta tambaya ba.

Ɗan_Mirriah:
Amma akwai magana a nan fa. In an rage jimilla, TVA ɗin da aka rubuta a faktir ya canza ko yana nan 2479,5? Don wajen masu haraji lissafin dole ya haɗu. Wannan ba kai za ka yanke ba Sani, kontabul ɗinsu, mai riƙe musu lissafi, za ka tambaya.

Sani_Zengou:
TVA bai canza ba, ƙasa kawai ake ragewa. Zan tambaye shi gobe in sha Allah.

Moussa_VB6:
Kun ga abin da nake faɗa, tsohon ya fi sabon sanin kasuwa.

Zeinab_Karkada:
Ya sani Yaya Moussa, amma bai faɗa ma kowa ba sai da gwaji ya tambaye shi. Kuma ba kowane baƙon abu ne hikima ba, wani kuskure ne tsagwaronsa, wani kuma kuskure ne da ya zauna har ya zama doka. Excel har yau yana karɓar 29 ga Fabrairu 1900 alhali ranar ba ta taɓa wanzuwa ba, 1900 ba shekara mai tsalle ba ce, sun bar shi ne da gangan don ya dace da Lotus 1-2-3, kuma yanzu gyara shi zai motsa kwanakin da ke cikin fishiyoyin mutane. Aikinka ka rarrabe ukun nan, kuma ba kod ne zai rarrabe maka ba, masu shagon ne.

Laouali_dev:
Wani abu kuma, in ka ga kod ɗin da ba a kira ko'ina kar ka ce ai matacce ne ka bar shi kwance, kuma kar ka sake amfani da wani tsohon suna na cikin kod don sabon aiki. Knight Capital, kamfanin cinikin hannun jari a Amurka, 1 ga Agusta 2012, sun sake amfani da wata tsohuwar alama don sabon kod, sabar ɗaya cikin takwas ba ta samu sabon ba, alamar ta tayar da tsohon kod da ya daɗe ba a amfani da shi, cikin minti 45 suka yi asarar kusan dalar Amurka miliyan 440. Shagon Alhaji ba kasuwar hannun jari ba ne amma hanyar ɓarnar ɗaya ce. In ka tabbatar matacce ne ka goge, Git na riƙe da shi.

Baban_Amira:
Ta yaya zai tabbatar? Irin waɗannan kod ɗin include ne cikin include, wani ma sunan fishiyen daga baz yake ɗaukowa.

Laouali_dev:
Ya sa layi ɗaya na error_log a wurin da yake zargi, ya bar shi wata ɗaya ko biyu a shago, har a wuce ƙarshen wata da lokacin ƙidayar kaya. In bai rubuta komai ba to. Amma na rufe shekara sai an jira Disamba.

Hadiza227:
Sani 41 ɗin duka na canji ne? Ka duba ɗaya bayan ɗaya, kar ka ga guda ka yanke ma sauran hukunci.

Sani_Zengou:
Kin yi gaskiya Anti Hadiza, na sa ƙa'idar 25 ɗin sai suka ragu zuwa 6. Huɗu daga ciki bambancin faran ɗaya ne ko biyu, na gano tsohon yana zagaye TVA layi-layi ne ni kuma a jimilla na yi, duka na bashi ne shi ya sa 25 ɗin ba ta rufe su ba, na mayar irin nasa. Saura biyu sun gagare ni. Duka na mutum ɗaya ne, wani mai sari daga Matamaye, kuma a duka biyun jimillar da aka ajiye a baz ta gaza lissafin layukan da jika biyu cif. Ba rangwame a rubuce, ba dawo da kaya. Na yi grep da lambarsa ban same ta a kod ba.

Ɗan_Mirriah:
Ka duba ranar da awar, ko ɗauke wuta ne layi ɗaya ya shiga sau biyu.

Malam_Kod:
Zai iya yiwuwa, amma ɗauke wuta ba ya zaɓar mutum ɗaya sau biyu da adadi ɗaya. Duba triga a MySQL tukuna, wato kod ɗin da baz ke gudanarwa da kansa in an taɓa tebur, SHOW TRIGGERS, don wani lissafin ba a PHP yake ba. In babu, wataƙila da hannu aka gyara ta phpMyAdmin. Kuma Sani ka bi a hankali wajen kai maganar nan, kar ka ambaci sunan kowa cikin yaran kanta, ka nuna ma Alhaji takardun biyu kawai ka tambaye shi ko ya tuna. Waɗannan biyun ka ware su gefe da bayani, kar ka goge su daga gwajin.

Sani_Zengou:
To Malam. Na duba yanzu, akwai triga guda a kan tebur ɗin faktir, ban ma san da ita ba. Sai dai a kwafin da nake aiki da shi babu ita, da phpMyAdmin na fitar da baz ɗin tun farko ba mysqldump ba, da alama ban sa alamar triga ba. Bari in sake kwafa in karanta ta. Tambaya kuma, triga ana rubuta mata gwaji a PHPUnit ko sai dai in ciro lissafin zuwa PHP?

Zeinab_Karkada:
Ana yi, amma da baz na gwaji, ka saka layi ka karanta abin da ya fito. Turo mana abin da ke cikinta tukuna mu gani, ka goge sunaye.